Gudun Allura a Gangare

Babu wanda ya naɗa shi Injiniya, shi ya naɗa kansa. Fenti ya saya ya rubuta a ƙofar shago da manyan baƙaƙe, wuri ya ƙare masa kafin ya gama, sai harafin ƙarshe ya sauko ƙasa shi kaɗai kamar wanda aka kora daga sahu. Shagon kuwa a ƙarƙashin matakalar bene yake, can saman wani layi mai gangare, a nan yake gyaran fanka da dutsen guga. In ka kawo masa fanka mai ƙara, tabbas za ta daina ƙara, don juyawar ma za ta daina. In ka yi ƙorafi ya ce kamfanin ne bai san aiki ba. Duk abin da aka ambata a duniya, daga jirgin sama har ciwon haƙori, amsarsa ɗaya ce: "Ai wannan ƙaramin abu ne."

Surukinsa kuwa, wanda kowa ke kira Baba Maƙeri, mutum ne da zai yini bai yi magana goma ba. Shekara arba'in yana ƙera bokiti da mazurari don a ci abinci, in ya tashi daga aiki kuma ya ƙera abin da ransa ke so: ƙananan motocin tsere irin na zamanin da, masu dogon hanci da siraran tayoyi. Kayan aikinsa ƙarfe da dalma da wata 'yar guduma da ba ta fi yatsa ba. A hotunan tsofaffin mujallu yake ganin motocin ya kwaikwaya. Shi kansa bai taɓa riƙe sitiyari ba, ko keke bai iya ba.

Ta ƙarshen da ya ƙera ita ce Allura. Tsawonta kamu ɗaya, fara sol, hancinta da tsini, kowace taya da siraran wayoyi arba'in da ya ɗaura ɗaya bayan ɗaya. A ciki ga ɗan direba na ƙarfe zaune da tabarau da hula, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Shekara biyu ta ci masa. Yana gama ta hannunsa ya fara rawa, tun daga nan ko ƙusa bai sake bugawa daidai ba. Kowa ya san ba za a yi wata Allurar ba.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Baba ya hauro gangaren yana dogara sanda, da Allura naɗe cikin tawul. Ya ajiye ta a kan teburin Injiniya, tsakanin gawarwakin fankoki.

"Ranar Asabar ƙarfe huɗu za a baje ta a zauren ɗakin karatu," in ji shi. "Baje kolin aikin hannu suke yi. Sun aiko mini da takarda, har da sunana a buge da inji. Tunda nake ba a taɓa kirana wani wuri don aikina ba. Hannuna ba ya iya bin wayoyin tayar nan. Ka goge mini ita."

"Baba, ai wannan ƙaramin abu ne."

"Gogewa kawai. Kada ka buɗe, kada ka ƙara, kada ka rage."

"Haba Baba, ni fa Injiniya ne."

"Shi ya sa na lissafa maka."

Auta, matar Injiniya, ita ce 'yar Baba ta ƙarshe. Tana saman matakala tana shanya kaya, ta leƙo ta ce, "Baba, da ni ka ba wa."

"Ke kina da aiki," in ji Baba. "Shi kuwa tun safe ban ga kowa a shagonsa ba."

Baba bai kai ƙasan gangaren ba Injiniya ya sungumi mota ya shiga shagon mai aski da ke maƙwabtaka da shi. Mai askin nan da Injiniya kamar wuta da auduga suke, amma ba mai iya yini bai ga ɗan'uwansa ba. A kan benci kuma ga tsohon Hedimasta, wanda tun da ya yi ritaya ya mayar da shagon ɗakin karatunsa, kullum da littafi a hannu.

Mai aski ya zagaya motar, ya ce, "Kai, ta yi kyau. Tana tafiya?"

"Motar tsere ce fa."

"Ban ce ta noma ba ce. Cewa na yi tana tafiya?"

"Ba a dai taɓa gwadawa ba."

"To ai kwalliya ce. A ɗora ta kan talabijin kusa da furen roba."

Nan Injiniya ya ji an taɓa mutuncin gidan surukansa. Ya gyara tsayuwa, ya murza gashin bakinsa, wanda ya fi ƙauna fiye da komai a jikinsa.

"Rashin sani ya fi dare duhu," in ji shi. "Ka san irin wannan motar ce ta fara cin kilomita ɗari a awa ɗaya? Direban da ya sauko, gashin kansa duk ya zube, sai da aka bi hanya ana tsincewa."

"Ba haka aka rubuta ba," in ji Hedimasta, bai ko ɗaga kai daga littafi ba.

"Matarsa ma ba ta gane shi ba, iska ta mayar masa da hanci ƙeya."

"Wannan ma ba a rubuta ba." Hedimasta ya cire tabarau, alamar darasi ya zo. "Abin da aka rubuta shi ne, waɗanda suka fara kafa tarihin gudu da motocin lantarki suka kafa, masu batir. Daga baya masu tururi da masu fetur suka karɓa. Akan auna hanya, a sa agogo. Sannan aka zo aka yi doka: sai mota ta je ta dawo a hanya ɗaya cikin awa guda, a haɗa gudun biyu a raba. Don kada wani ya ce ya yi gudu alhali iska ce ta tura shi, ko gangare."

Wannan na ƙarshen bai shiga kunnen Injiniya ba. Tuni ya leƙa waje yana auna layin da ido, tun daga ƙofar shagonsa har rumfar mai ƙwai da ke can ƙasa.

"Mita ɗari," in ji shi. "Ranar Asabar ƙarfe biyu, Allura za ta cinye shi cikin sakan biyar. Hedimasta, ka zo da agogonka na wasannin makaranta. Ba za ta je zauren nan haka kawai kamar marainiya ba, da takardar shaida za ta je. Baba zai yi kukan daɗi."

"Kuka dai zai yi," in ji mai aski. "In ta yi, askin shekara kyauta. In ta kasa, gashin bakin nan nawa ne."

"Ai wannan ƙaramin abu ne."

Baki shi ke yanka wuya. Kafin la'asar labari ya kai ƙasan gangaren ya dawo.

A yi masa adalci, haukarsa ba ta kai ya fara gwaji da Allura ba. Ranar Alhamis ya ɗauko farantin Auta, ya kwance tayoyin akwatinta na tafiya ya ɗaura masa. Tunda magabata sun yi da tururi, shi ma da tururi zai fara. Ya ɗora ƙaramin risho a kan farantin, ya ɗora butar shayi bakinta na kallon baya, ya ɗaure murfin da waya tamau. Maƙwabta suka taru, amma kowa ya zaɓi abin da zai laɓe a bayansa.

Minti biyar, shiru. Minti goma, buta ta fara gunaguni.

"Kun ji?" in ji Injiniya. "Ƙarfin doki goma sha biyu ke nan."

"Ni dai shayi nake ji yana kira," in ji mai aski daga bayan ƙofa.

Injiniya ya sunkuya ya duba abin da ya hana tafiya. A daidai lokacin waya ta tsinke, murfi ya tashi fiu, ya wuce ta gefen kunnensa, ya shiga shagon aski ya sami agogon bango a tsakiyar fuska. Farantin kuwa ya ja da baya kamar taƙi ɗaya, ya tsaya.

"Ta motsa!" Injiniya ya daka tsalle. "Jama'a ku shaida, ta motsa!"

"Baya ta yi."

"Gwajin ribas ne. Wace mota ka taɓa gani ba ribas?"

"Agogona fa?"

"Dama yana latti."

Ranar Juma'a ya ce tururi tsohon yayi ne, lantarki shi ne magana. Auta tana markaɗa kayan marmari tana sayarwa da sanyi, injin markaɗenta kuwa shi ne jarinta. Tana fita sayo ƙanƙara ya kwance shi ya ciro na'urar da ke juya shi, ya ɗaura wa taya ɗaya ta farantin. Batir babu, saboda haka ya bi gida-gida yana aron waya, ya jona wannan da wancan har ta kai tsakiyar titi.

"Wayar taka mita goma ce," in ji Hedimasta. "Sauran casa'in ɗin fa?"

"In ta ɗauki zafi ai ba ta buƙatar wuta."

Ya danna makunni. Da yake taya ɗaya ce ke da inji, farantin bai je ko'ina ba, sai ya kama juyi a wuri ɗaya yana kuwwa, yana naɗe waya. Wayar ta bi ta ƙafafun Injiniya ta ɗaure su kamar na ragon da za a kai kasuwa. Ya ce, "Ku kashe!" Ba wanda ya matso. Ya faɗi zaune daɓas, wani abu ya yi tartsatsi a jikin mitar lantarki, wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke.

Sai ga wani mutum ya fito daga shagon aski da ƙyalle a wuya, rabin kansa tal, rabin kuma gashi cunkus.

"Wane ne mai wannan aikin? Ƙarfe uku ake jirana a wajen neman aiki!"

"Ga shi nan a ɗaure, an sauƙaƙa maka," in ji mai aski.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Injiniya daga ƙasa. "Ka zauna ta gefe, su riƙa ganin ɓangaren da aka gama."

Da ƙyar aka riƙe mutumin.

Auta ta dawo ta tarar da ƙoƙon injinta wayam. Ba ta ɗaga murya ba, wannan kuwa ya fi tsorata shi.

"Ina cikin injina?"

"Yana hidimar kimiyya."

"Farantina fa? Tayoyin akwatina?"

"Duk suna tare."

"To ji nan, maigida. Faranti a sayi wani, inji a gyara, a wajen wanda ya iya. Amma motar Baba guda ce. Tun da takardar nan ta zo, sau biyu yana sa a guge masa rigarsa. Jiya har tambayata ya yi ko in an kira sunansa tashi ake yi ko ɗaga hannu. In wani abu ya sami motar nan, ni ban san da wane ido za ka dube shi ba."

"Na yi miki alkawari, ba tururi ba lantarki a jikin Allura."

Ya kuwa cika alkawari, don ya riga ya hango abin da ya fi su: robar cikin tayar keke.

Ranar Asabar da safe Auta ta tafi gidan Baba don ta taya shi shiri ta rako shi zauren. Injiniya ya zauna ya goge Allura, kuma gaskiya ya goge ta. Ya bi wayoyin nan ɗari da sittin da tsinke da auduga har sai da ta riƙa ɗaukar ido. Da a nan ya tsaya, da yau ba mu da labari.

Da ya kifa ta sai ya ga wasu 'yan ƙananan katakai biyu a maƙale jikin tayoyin baya. Baba ya sa su don kada ta gangaro daga kan kanta.

"Tsufa ke nan," in ji Injiniya yana girgiza kai. "Ya manta da birki a ɗaure." Ya zare su, ya ɗiga mai a kowace taya.

Sannan ya ɗaga ta a tafin hannu yana kimanta nauyi. Nauyi abokin gabar gudu ne, wannan kowa ya sani. Idonsa ya sauka kan ɗan direban. Ƙarfe ne curi guda, zaune kawai ba ya tsinana komai. Ya sa sukundireba ya ɓamɓare hannuwan daga sitiyari, ya zare shi ya jefa a aljihun gaba. Yana cire shi sitiyarin ya saki, tayoyin gaba suka riƙa kaɗawa dama da hagu.

"Ka ga," in ji shi, "har ta saki jiki."

Ƙarfe biyu layin ya cika maƙil, har da masu leƙe ta tagogin bene. An ja layi da alli a sama, an ja wani a ƙasa daura da rumfar mai ƙwai, inda Hedimasta ya tsaya da agogo a hannu da usur a baki. An ɗaure roba tsakanin turken lantarki da ƙarfen matakala. Injiniya ya fito da tabaran walda a goshi, da gyalen Auta naɗe a wuya irin na direbobin da ke cikin mujallun Baba.

"Jama'a," ya fara, "yau shekara ɗari da wani abu ke nan da ɗan'adam ya..."

"Rana na dukanmu!" wani ya ce daga baya.

Ya saƙala bayan Allura a roba, ya ja da baya, ya ja, ya ja, har robar ta yi siririya tana kuka. Mai aski ya ɗaga tawul sama.

"Ɗaya! Biyu!"

"Tsaya, gyalen ya shiga..."

"Uku!"

Tawul ya sauka, Hedimasta ya busa usur, Injiniya ya saki. Roba ta tafi da mota, ta tafi da gyale, saura kaɗan ta tafi da wuyan mai shi.

Abin da aka gani a mita talatin ɗin farko, har yau ana maganarsa a layin. Allura ta miƙe sak a tsakiyar kwalta, rana na walƙiya a jikinta, ba ƙara ba girgiza, tayoyin nan kamar ba sa taɓa ƙasa. Mai aski ya saki baki. Wata tsohuwa a taga ta ce, "Tubarkalla!" Injiniya ya bi ta a guje yana ihu, "Na faɗa muku! Na faɗa muku!"

Sai taya ta taka ɗan tsakuwa.

Allura ta karkata hagu, ta bi ta tsakanin ƙafafun mai wanki da ke tafe da gugaggun kaya a ka. Ya yi tsalle, kaya suka yi sama, wandon wani ya sauka a kan mai lemo. Ta karkata dama, ta nufi wani kare da ke barci a inuwa, kare ya farka ya ga abu fari na zuwa, ya zura a guje ya shige ƙarƙashin bencin 'yan kallo, benci ya kife da mutum biyar. Ta sake yin hagu.

"Ku tare ta!" Injiniya ke ihu yanzu. "Kada ku taɓa ta! Ku tare ta!"

"Wanne za mu yi?"

Kafin ya zaɓa, Allura ta hau katakon da aka gicciya a kan kwata, ta tashi sama. Kowa ya bi ta da ido. Mai ƙwai ta ɗora hannu a ka tun kafin motar ta sauka. Allura ta shiga kiret ɗin ƙwai na sama da hanci, ta fito ta na ƙasa, ta daki ƙafar tebur ƙwal, sannan ta gangaro a hankali, jikinta duk gwaiduwa, ta tsallake layin alli, ta je ta tsaya a jikin wani gogaggen takalmi.

"Sakan tara da ɗigo huɗu!" in ji Hedimasta da ƙarfi, sannan ya lura shi kaɗai ke magana.

Takalmin na Baba ne. Hanyar zauren ta ƙasan layin ta bi. Yana tsaye cikin rigarsa da aka guge sau biyu, Auta na gefensa riƙe da takardar gayyata.

Injiniya ya iso a guje, ya taka ƙwai, santsi ya kwashe shi, ya ƙarasa sauran tafiyar a kan gadon baya. Mai ƙwai ta tarbe shi da kiret a ka, sau biyu, a na uku Auta ta riƙe mata hannu ta ce, "Bar mini sauran."

Baba ya miƙa wa Auta sanda, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki motar. Ya sa hannun rigarsa ya share gwaiduwar. Hancin nan mai tsini ya lanƙwashe ya koma gefe, fitila ɗaya ta fita. Ya bi wurin da babban yatsa.

"Wata huɗu na yi ina bugun hancin nan," in ji shi a hankali. Sannan ya leƙa ciki. "Ina direban?"

Injiniya ya tashi zaune, ɓawon ƙwai a gashin bakinsa. "Baba, wato a kimiyyance, nauyi..."

"Ina direban?"

"Yana aljihuna."

"Hannunsa ne ke riƙe da sitiyarin. Sitiyarin gaske na yi mata, in ka juya tayoyi su juya. Shi ke tsayar da ita a kan hanya." Baba ya dube shi. "Ka saki mota a gangare ba direba, kana Injiniya?"

Layin ya fashe da dariya. Mai aski har da riƙe ciki, mutanen da benci ya kife da su suna ƙasa suna ƙyaƙyatawa. Injiniya ya laluba aljihu ya ciro ɗan direban, don dai ya sami abin yi da hannunsa. Kwana huɗu motar na wajensa, sai yanzu ya dubi fuskar. Hancin ya ɗan karkace. A girar hagu akwai ɗan tsagi, daidai inda tartsatsin ƙarfe ya taɓa yi wa wani tabo. Ya ɗaga kai ya dubi girar surukinsa.

"Baba ne," in ji Auta. "Lokacin yana saurayi."

Dariyar ta mutu.

"Ban taɓa tuƙa mota ba," in ji Baba. "Sai na ce bari in zaunar da kaina a wannan, ko ba ta je ko'ina ba ina ciki. Yau ta tashi tafiya, sau ɗaya a rayuwarta, kai kuma ka sauke ni."

Injiniya ya buɗe baki. Maganar nan tasa ta kullum ta taho har maƙogwaro, ta tsaya. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Baba," in ji shi, "wannan ba ƙaramin abu ba ne."

"Alhamdu lillahi," in ji Auta. "Yau an samu guda."

Baba ya juya tayar baya da yatsa, ta yi ta juyawa ba ta tsaya ba. Ya dubi mai aski.

"Kai ka ga tashinta. Tayoyin sun yi rawa?"

"Baba, ko kaɗan. Wallahi kamar a kan ruwa take tafiya. Ni da na ce kwalliya ce, na janye."

Wani abu ya motsa a gefen bakin tsohon.

Hedimasta ya yi gyaran murya. Mutum ne da ko gobara ake ba zai bar doka ta wuce ba. "Ba don in katse ku ba, amma wannan gudun bai shiga lissafi ba. Na faɗa tun ranar Laraba. Sai ta koma inda ta fito cikin awa guda, a haɗa a raba. Saura minti arba'in da shida."

"Ta koma?" in ji Injiniya. "Ta hau gangaren? Da wane inji?"

Baba ya dubi gangaren, ya dubi surukinsa tun daga sama har ƙasa.

"A cika doka," in ji shi. "Zo nan. Hannuna ba zai iya ba, naka zai yi. Zaunar da shi. A hankali. Ba haka ba. Maƙala hannun dama tukuna. Yanzu na hagu. Kada ka ƙara komai."

Injiniya ya mayar da direban mazauninsa. Sitiyari ya tsaya cak.

"Kwance igiyar takalminka."

Aka ɗaura igiya a lanƙwasasshen hancin. Igiyar gajeriya ce, dole sai da Injiniya ya duƙa har hannunsa na kusa da ƙasa. Mai aski ya zaro reza daga aljihu, ya dube ta, ya dubi mutumin da ke duƙe da ƙwai a ƙeya, ya mayar.

"Na bar masa gashin bakin," in ji shi. "Yau an riga an aske shi ba sabulu."

"In mun kai sama mu sauko mu wuce zauren," in ji Baba. "Haka za ta je, da hancinta a karkace. Kai za ka tsaya kusa da ita. Duk wanda ya tambayi abin da ya same ta, kai za ka ba shi labari, tunda ka iya jawabi."

Hedimasta ya busa usur.

Haka aka hau gangaren. Injiniya a gaba a duƙe, takalmi ɗaya na faɗuwa yana mayarwa, tabaran walda na lilo a wuya. Allura na biye da shi, sak a tsakiyar kwalta, ba hagu ba dama, ɗan direbanta riƙe da sitiyari. Baba na gefe da sandarsa, idonsa bai bar motar ba. Bayansu Auta, da mai wanki, da mai ƙwai da kiret ɗinta ko da za a buƙata, da duk mutanen layin. Na kan bene suna tafi, wani yana kwaikwayon ƙarar inji da baki.

Da aka kai daidai shagon mai lemo, inda dariya ta fi yawa, Injiniya ya ƙara sauri don ya gama da wannan abin kunya. Igiya ta miƙe, Allura ta zabura.

Baba ya sa sanda ya taɓa masa kafaɗa.

"A hankali, ɗana," in ji shi. "Yau na fara tuƙi."